Saba Ta Huɗu

Ranar Litinin da la'asar ɗakin kira na Jami'ar Chandan Bagh da ke birnin Lahore ya ɗauki harama kamar kullum. Ɗalibai na jere gaban na'urori, kowa da waya maƙale a kunne, suna lallaɓa tsofaffin ɗaliban makarantar su jefa wani abu a asusun tallafin karatu. Sai ga wani ƙato ya banko ƙofa ko sallama babu, gashin bakinsa har rawa yake.

"Ina Saba? Ku fito mini da ɓarauniyar nan!"

Sunansa Tauqeer Butt, mai sayar da tayoyin babur. Cikin kumfar baki ya zayyana abin da ya kawo shi. Matar baffansa, Amma Zarrin, wato Inna Zarrin a yarensu, tsohuwa ce da idonta ya mutu, tana zaune ita kaɗai a unguwar Krishan Nagar. Jiya ya buɗe akwatinta zai ɗauko mata bargo, ya tarar awarwaronta biyu na zinare sun yi ƙafa. Da ya matsa mata, ta ce Saba ta jami'a, wadda ke kiranta duk Alhamis, ita ta zo ta karɓa.

"Zuwa Juma'a," in ji shi, yana nuna Madam Nuzhat, shugabar ofishin, da yatsa. "In ban ga zinare ba, 'yan sanda za su zo su tasa ƙeyarta a gaban kowa."

To, matsalar ita ce babu wata Saba. Tun da wasu tsofaffin ɗalibai marasa kunya suka fara bin sunayen 'yan matan suna damunsu da saƙonni, aka kafa doka: duk macen da ta ɗauki waya a ɗakin nan, sunanta Saba. Kuma masu aikin Alhamis su uku ne.

Kafin magariba zance ya gama makaranta. A ɗakin cin abinci har an yanke hukunci: ai Rimsha ce, 'yar ƙauyen nan ta Layyah da ke karatu da kuɗin asusun. Wa ke da bukatar zinare in ba ita ba? Mutane dai, Allah ya shirye mu.

*

Madam Nuzhat ta aika a kira Sarwar Khoji, shugaban masu tsaron jami'ar. Kakanninsa masu bin sawu ne a ƙauyukan Jhang, irin waɗanda ke bin saniyar sata har garken ɓarawo. Shi ya yi aikin ɗan sanda har ya gaji ya ajiye, amma har yau in yana magana da mutum, ƙafarsa yake fara kallo. Ɗalibai na ce masa Chacha, wato baffa, shi kuma bai taɓa riƙe sunan kowa daidai ba.

Ya sa aka kawo shayi, ya gana da 'yan matan ɗaya bayan ɗaya.

Shagufta ce ta fara shigowa, ita da dariya ba ta barin bakinta ko a gidan makoki. "Chacha, ni fa ko zoben azurfa aka ba ni sai na ɓatar kafin in kai ƙofa. Me zan yi da awarwaron tsohuwa?"

"Kin taɓa kiran gidan?"

Dariyar ta ɗan dusashe. "Na'ura ce ke ba mu lamba. Wanda ta ba ka shi kake kira."

Erum ta shigo tana share hanci, ita da mura ba sa rabuwa. 'Yar masu hali ce, don nishaɗi take aikin. Ta ce direba ke ɗaukarta kullum, a tambaye shi. Da ya ambaci sunan Amma Zarrin, sai ta tsura wa kofin shayi ido kamar yau ta fara ganin kofi.

Rimsha ta zauna a bakin kujera, ta ɓoye hannuwa cikin mayafi. Takalminta silifa ne na roba, irin wanda ake zubawa a ƙasa a kasuwar Anarkali.

"Beti, 'yata, an ce an gan ki a Krishan Nagar."

"Na je, Chacha. Sau ɗaya. Na sayi gwaiba zan kai mata, na tsaya a ƙofa, na tuna doka ta hana mu zuwa gidan kowa. Na juyo."

"Gwaibar fa?"

"Na cinye a keken haya na riksha ina kuka."

Sarwar ya danne murmushi. "Me ya haɗa ki da tsohuwar da har za ki kai mata gwaiba?"

Ta dubi ƙasa ta ce, "In 'yan sanda suka zo, Abba zai zo ya ɗauke ni. Da ƙyar ya bar ni na zo Lahore. Ya ce ranar da aka ambaci sunana da abin kunya, ranar karatuna ya ƙare."

Ya sallame ta, ransa babu daɗi. Abu ɗaya ya tabbata: su ukun duka suna ɓoye wani abu, kuma abu guda ne.

*

Washegari da hantsi ya sauka a Krishan Nagar. Kafin ya shiga gidan ya tsaya wurin mai madara da ke daura da ƙofar, wani mai tumbi da ke juya ƙatuwar tukunya.

"Yarinya cikin baƙar abaya da niƙabi, ranar Asabar ɗin da ta wuce," in ji mai madara. "Na gan ta da idona. Ranar ma aka shafa sabon siminti a zauren."

"Ta daɗe tana ƙwanƙwasawa?"

"Oho. Ni madarata na tafasa, ina zan tsaya kallon ƙofar mutane?"

"Su wa ke shiga gidan?"

"Tauqeer Sahib, in ya tuna. Da 'yarsa Kinza mai kawo abinci ranar Lahadi. Yarinya mai kai, wallahi. Ta ci jarrabawar makarantar haɗa magunguna, uban ya ce ba shi da kuɗin ɓatawa a kan karatun mace. Sai kuma Faraz, in ka biye wa tsohuwar." Ya girgiza kai. "Ɗanta ne tilo. A jami'arku ya yi karatu. Mota ta kwashe shi a kan babur shekarun baya, ni na kama gawar muka shigar. Amma in ka tambaye ta sai ta ce maka ya fita."

Zauren gidan dogo ne, duhu ɗumɗum. Sarwar ya taka biyu, na uku sai ji ya yi tsulum, ƙafarsa ta dama ta faɗa bakin kwata har idon sawu. Ya ja tsaki, ya ambaci kakan wanda ya gina gidan. Da ya haska fitilar wayarsa, ya ga ramin a tsakiyar hanya, buɗe, daidai inda kowane mai hankali zai taka. Can jikin bangon hagu kuma, a kan simintin da ya bushe, ga sawun silifa ƙarami, ɗaya na shiga, ɗaya na fita. Girman ƙafar Rimsha ne, irin takalminta ne.

Ya durƙusa ya daɗe yana kallon sawun, ruwan kwata na ɗiga daga wandonsa.

"Wane ne ya faɗa mini a kwata?" wata murya ta tambaya daga tsakar gida. "Shigo, ɗana, kowa da haka yake fara gaishe ni."

Amma Zarrin na zaune kan gadon igiya a hantsi, 'yar ƙarama kamar yarinya, tsohuwar waya mai igiya ajiye kusa da matashinta. Ya gaishe ta da "Amma ji", yadda ake kiran iyaye mata don girmamawa, ya faɗi ko shi wane ne.

"Amma ji, Sabar da ta zo, kin tabbata ita ce mai kiranki?"

"Ta ce ita ce."

"Ba abin da ta ce na tambaya ba."

Tsohuwa ta shafa wayar. "Ni na ba ta da hannuna. Wa ya ce wa Tauqeer ya ɗaga hankalin mutane? Yarinya mai ladabi, ta zauna nan, ta yi mini gaisuwar rashi, ta ce za a sa sunan…" Sai ta haɗiye sauran. "Za ka sha shayi? Faraz ya fita, da shi zai haɗa maka."

"Amma ji, akwai yarinyar da za a kora daga makaranta ranar Juma'a saboda wannan."

Hannunta ya tsaya cak a kan wayar. "Wacce daga ciki?"

Ya miƙe ya yi mata sallama. Sai da ya hau riksha ya tuna cewa bai taɓa gaya mata Saba ta wuce ɗaya ba.

*

Ya sami Rimsha a bayan ɗakin karatu, ita kaɗai, don ƙawayen da suke cin abinci tare duk sun tuna suna da wani aiki.

"Na je gidan," in ji shi. "Na san Faraz ya rasu. Yanzu gaya mini sauran."

Ta rushe da kuka, sannan ta faɗa. A ƙa'idar aikin, in ka kira aka ce maka tsohon ɗalibi ya rasu, sai ka yi ta'aziyya ka danna maɓallin mamaci, na'ura ba za ta sake fito da lambar ba har abada. Ranar da lambar Faraz ta faɗo mata, ta yi yadda aka koya mata: Saba ce daga jami'a, ko zan iya magana da Faraz? Tsohuwa ta ce ya fita, amma ita mahaifiyarsa ce. Ta ba ta labarin yadda yake cin gurasa da sukari, da yadda ya taɓa kawo ɗan kyanwa cikin jakar makaranta. Da za su rabu ta ce a sake kira ranar Alhamis, wataƙila a same shi.

"A kira na biyu na gane, Chacha. Ta ce ya fita da sabon babur ɗinsa, kuma tana ta magana a kansa kamar har yanzu yana aji biyu. Na kai yatsa kan maɓallin, na kasa. Na danna a sake kira. Da lambar ta faɗo wa Shagufta da Erum na roƙe su, suka yarda. In Madam ta sani, mu duka za ta kora, mun yi wata da watanni muna ɓata lokacin ofis a kan mamaci."

"Akwai wadda ta taɓa yi mata gaisuwar rashi a cikinku?"

Ta ɗago a firgice. "Haba Chacha! Ai shi ne abin da ba a yi. Kullum sai mu tambaya, Faraz na nan? Ita kuma ta ce ya fita. Da haka hirar ke farawa."

Sarwar ya dubi wandonsa da har yanzu ke warin kwata, ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa.

"Share hawayenki. Jibi ki sa wannan silifan, ki zo inda zan ce."

*

Ranar Alhamis da hantsi ya riga kowa isa gidan Amma Zarrin. Wannan karon ya rabe bangon hagu. Ya ɗauki tsintsiya ya share tsakar gidan tas, ya zauna yana jira. Ya aika wa kowa, har da Tauqeer, ya ce ya taho da 'yarsa don a sami mace ta gida kusa da tsohuwar.

Madam Nuzhat ce ta fara shigowa. Tsulum! Ta fito tsakar gida tana ɗingishi da takalmi mai tsini, tana faɗin maganar da bai kamata ɗalibai su ji ba. Shagufta ta biyo, tsulum, ta fito tana dariya har da riƙe ciki. Erum ta faɗa tana atishawa. Rimsha ta shigo ƙarshe, ƙafar dama jiƙe sharkaf, tana neman inda za ta ɓoye ta.

Sannan Tauqeer ya shigo, Kinza na biye da shi ɗauke da kwanon abinci. Siririya ce, idanunta sun faɗa kamar wadda ta kwana biyu ba barci. Ƙafafunsu a bushe.

"To, wacce ce?" in ji Tauqeer. "Ni ina da shago a buɗe."

"Dubi ƙasa, Butt Sahib," in ji Sarwar. A kan busasshen bulo ga sawu huɗu jiƙaƙƙu, duk na ƙafar dama. "Duk baƙon da ya shigo zauren nan sai ya faɗa kwata. Ni ma na faɗa. Wadda ta zo ranar Asabar kuwa ta rabe bangon hagu a cikin duhu, shiga da fita, sawunta na nan a siminti. Ƙafarta ta san gidan nan tun tana ƙarama. Kuma ta yi wa Amma Zarrin gaisuwar rashin Faraz, abin da babu Sabar jami'a da za ta taɓa yi."

Bai dubi kowa ba. Ba a ma buƙata. Kwanon abinci ya suɓuce daga hannun Kinza, wake ya watse a ƙasa.

"Abba, ranar Litinin za a rufe biyan kuɗin makarantar," ta ce. "Na roƙe ka har na gaji. Na ji Kaka kullum tana zancen Saba, sai na ara abaya…"

Tauqeer ya ɗaga hannu. Sarwar ya riƙe shi a sama, ba da ƙarfi ba, amma hannun bai sauko ba.

"Kar ka taɓa mini ita," in ji Amma Zarrin. Ta miƙe zaune, ba wanda ya san tana da irin wannan muryar. "Kana tsammanin ban gane ta ba? Tun daga sallama na san jikata ce ta maƙe murya. Na ce a raina, yarinyar da kunya ta hana ta roƙe ni da sunanta, ba ni zan tona mata asiri ba. Awarwaron nan na amaryar Faraz ne na ajiye su. Nawa ne, na bayar, babu sata a nan. Zo nan, Kinza. Gobe in kina so, da fuskarki za ki zo."

Kinza ta faɗa jikinta tana kuka. Tauqeer ya tsaya sororo, ya dubi 'yarsa, ya dubi waken da ke ƙasa. Daga ƙarshe ya juya wajen Rimsha, ya ce cikin gashin baki, "Beti, ki yafe ni." Rimsha ta gyaɗa kai.

Madam Nuzhat ta gyara murya, takalmi ɗaya a hannu. "Sata dai babu, alhamdulillahi. Amma ni akwai abin da ban gane ba. Wane rashi ake magana? A na'urarmu Faraz yana da rai, duk mako ana kiransa."

'Yan matan uku suka sunkuyar da kai. Sarwar ya kau da kai. Sawu ya iya bi, wannan kuwa ba sawu ba ne.

"Faraz ya rasu," in ji Amma Zarrin.

Ta faɗa a hankali, kamar mai sauke tulu daga kai.

"Ya rasu, 'yata, na sani. Ban haukace ba. Amma tun da aka share makoki, babu wanda ya sake tambayata shi. Kowa tsoro yake ya ambaci sunansa a gabana. Sai ranar nan waya ta yi ƙara, wata ta ce tana neman Faraz. Ni na yi ƙarya na ce ya fita, don in sake jin an tambaya. Yaran nan sun gane, suka rufa mini asiri. Su uku ne, ai na sani: mai dariya, da mai mura, da mai harshen mutanen Layyah da ta fara kirana. In kora za ki yi, ni ce mai laifi."

Erum ta ja hanci, wannan karon ba mura ba ce. Madam Nuzhat ta daɗe tana kallon takalmin da ke hannunta.

"Ba wanda zan kora," ta ce. "Amma maɓallin nan dole a danna shi, Amma ji. Ni zan danna da kaina."

"Danna," in ji tsohuwa. "Ya isa haka."

*

Alhamis ta zagayo. Sarwar ya ɗauki rabin yini, ya zo da falalen dutse a riksha, ya durƙusa a zauren yana rufe bakin kwatar. Ya ce wa kansa don wandon mutane yake yi. Gaskiyar ita ce hankalinsa ya ƙi kwanciya, don ya san na'ura ba za ta sake fito da lambar gidan nan ba.

Daga inda yake yana hango ta kan gadon igiya. Ta yi wanka, ta sa farin mayafi, hannunta na kan wayar. La'asar ta yi, aka kira salla aka idar. Inuwa ta cinye rabin tsakar gidan. Dutsen ya daɗe da zama daram, amma ya ci gaba da bubbuga shi, don ya kasa tashi ya bar ta haka. Tausayinta ya cika shi har ya ji haushin kansa da ya iya bin sawu.

"Ka tafi gida, ɗana," in ji ta. "Yau ba za a kira ba. Na sani, hannun ne kawai ya saba."

Sai wayar ta yi ƙara.

Ta bari ta yi sau biyu kafin ta ɗauka. Tsohuwar waya ce mai amo, har zaure ana jin mai magana.

"Assalamu alaikum, Amma ji. Ba daga ofis nake kira ba, wayata ce. Sunana Rimsha."

"Mai harshen Layyah," in ji tsohuwa. "'Yata, kin san ba ya nan."

"Na sani, Amma ji. Ke nake nema. Ba ki ƙarasa mini labarin kyanwar nan ba, me malamin ya yi da ta leƙo daga jakarsa?"

Amma Zarrin ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta, ta gyara zama ta jawo matashi. Sarwar ya tattara kayan aikinsa a hankali, ya taka sabon dutsen ya fita, ya ja mata ƙofa.